Kafin ka nemi rance, ka duba abin da aka rubuta a kan sunanka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya same ni, wanda na tabbata yana nan kwance a ƙarƙashin sunayen mutane da yawa a garin Jos ba tare da sun sani ba. Maganar ita ce ta kundin da ake rubuta tarihin bashin duk wanda ya taɓa karɓar rance a banki a ƙasar nan, da yadda mutum zai ga abin da aka rubuta a kansa, da kuma hanyar da zai bi a gyara idan an yi masa kuskure.

Sana'ata fataucin dankalin Turawa ne. Ina saro shi a Bokkos da Mangu in kawo Jos, daga nan wani ya nufi Kano, wani ya gangara Abuja. Sama da shekara ashirin ke nan ina wannan harka, kuma da yake na ɗan taɓa karatun boko, ni ne nake riƙe da littafin ƙungiyarmu, ni ne kuma nake cike wa 'yan uwa fom idan sun tashi hulɗa da banki. Na faɗi haka ne don a san cewa takarda ba baƙuwata ba ce, amma duk da haka abin ya zo mini a ba-zata.

Bara, gab da faɗuwar damina, na yanke shawarar mallakar motar ɗaukar kaya ta kaina, domin kuɗin haya yana cinye babban kaso na ribar da mutum ya sha sanyin asuba ya nema. Na je wani banki daga cikin waɗanda ba sa harka da kuɗin ruwa, inda tsarin shi ne su sayi motar su sayar mini da riba sananniya, ni kuma in riƙa biya wata-wata. Na kai duk abin da suka nema: takardar shige da ficen kuɗi a asusuna, hotuna, shaidar inda nake zaune, da mutum biyu masu mutunci da za su tsaya mini. Bayan mako uku jami'in ya kira ni ofis, ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya rage murya ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, akwai tsohon bashi a kan sunanka, kuma sai an warware shi kafin mu ci gaba." Na ce masa babu mai bina ko sisin kwabo. Bai yi musu da ni ba, sai ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Ga sunana nan, ga lambar BVN ɗina, wato lambar tantance mai hulɗa da banki, ga sunan wani ƙaramin banki da na karɓi rancen jari a wurinsa shekaru biyar da suka wuce, kuma a gabansa an rubuta cewa akwai ragowar naira dubu bakwai da 'yan kai da ba a biya ba, har an jefa bashin a cikin rukunin waɗanda aka fid da ran za a biya su.

Malam Edita, ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Ni da manoma suke loda mini mota guda a kan maganar baki, in tafi in sayar in dawo in ƙirga musu kuɗinsu, yau ga shi wata takarda da ban taɓa gani ba tana shaida wa wanda bai san ni ba cewa ni mai cin bashi ne in ƙi biya. Na biya wancan rance tun da daɗewa. Kashi na ƙarshe a hannun mai zagayen karɓar kuɗi na bayar, wanda yake zuwa kasuwa kullum da jakarsa da katinsa, ya sa hannu a katina, muka yi sallama. Abin da ban yi ba shi ne ban taka zuwa ofishinsu na karɓi takardar shaidar kammala biya ba, domin a tunanina da zarar kuɗi ya bar hannunka magana ta ƙare.

Daga ranar na shiga tambaya da bincike, kuma abin da na gano shi ne nake so in isar ga masu karatu.

A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a, wato CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Su ba sa ba da rance, ba su kuma karɓar bashi. Aikinsu shi ne bankuna manya da ƙanana da sauran masu ba da rance su riƙa aika musu da labarin kowane mai cin bashi: nawa ya karɓa, yaushe, nawa ya biya, kwana nawa ya yi jinkiri, wa ya tsaya masa. Shi ma Babban Bankin yana da nasa rumbun bayanan tun shekarun 1990. Dokar da take tafiyar da wannan harka ita ce wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayu na 2017, lokacin da yake muƙaddashin shugaban ƙasa, kuma ƙa'idar Babban Banki ta wajabta wa bankuna su nemi rahoto daga aƙalla biyu cikin kamfanonin nan kafin su ba kowa rance. Abin da ya ɗaure komai wuri guda shi ne lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2014. Kafin zuwanta mutum yana iya cin bashi a wannan banki ya tsallaka titin Ahmadu Bello ya buɗe sabon asusu a wancan kamar ba a yi komai ba. Yanzu duk inda ya shiga, labarinsa ya riga shi isa.

Su bankuna suna da ma'aunin da suke rarraba bashi da shi, kuma yana da kyau kowa ya san shi. Bashin da aka wuce kwana 90 ba a biya ba ya fita daga sahun masu lafiya. Idan ya kai kwana 180 ana sa shi cikin waɗanda ake shakkar biyansu, idan kuma ya haura kwana 360 sai a rubuta shi a matsayin wanda ya salwanta. A wannan rukuni na ƙarshe na tarar da sunana. Kwamfuta ba ta duba cewa kuɗin dubu bakwai ne kacal, kalmar da aka liƙa wa bashin ita jami'i yake fara gani. Daga irin waɗannan bayanai ne kuma ake fitar wa mutum maki, kamar na CRC da yake farawa daga 300 ya tsaya a 850, wanda gwargwadon hawansa gwargwadon yadda masu ba da rance za su saki jiki da kai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan doka ta 2017 ta ba kowane mutum haƙƙin karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, amma a cikin 'yan ƙungiyarmu ban sami mutum ɗaya da ya taɓa jin labarin haka ba. Da na san da wannan, da na ga kuskuren tun shekarar farko, lokacin da mai karɓar kuɗin yana nan kuma kowa yana tune da abin da ya faru. Ana neman rahoton ne ta shafukan intanet na kamfanonin, mutum ya sa sunansa da lambar BVN da lambar wayar da ya yi rajista da ita, a aiko masa. Wanda ya manta lambarsa ta BVN yana iya danna *565*0# a layin da ya yi rajistar da shi. Shawarata ita ce a nemi rahoton a wurin kamfanonin duka uku, domin ba lalle ne mai ba da rance ya aika labari ga dukkansu ba. A nawa lamarin, biyu ne suka nuna bashin, na ukun bai san da shi ba. Kuma a nema tun ba a da bukatar rance, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a ranar tafiya na tashi fafe nawa, shi ya sa kakar dankali ta wuce ni ina biyan kuɗin haya.

Idan rahoton ya zo, kada a tsaya a kallon maki. A zauna a bi shi layi-layi, idan Turancin ya yi tsauri a nemi amintacce ya karanta. A fara da suna da ranar haihuwa da adireshi, domin mu a nan Arewa sunayenmu suna yawan kama da juna, masu suna Muhammadu da Abubakar da Ibrahim ba su ƙirguwa, kuma da yawa daga cikin dattawanmu ranar ɗaya ga Janairu aka rubuta musu a matsayin ranar haihuwa, don haka cuɗa bayanan mutum biyu ba abu ne mai wuya ba. Sannan a duba kowane bashi: shin ni na karɓe shi, shin adadin daidai ne, shin wanda na gama biya an nuna an rufe shi. A duba kuma jerin waɗanda suka nemi ganin rahoton, domin idan mutum ya ga sunan wani mai ba da rance da bai taɓa zuwa wurinsa ba, alama ce cewa wani yana yawo da bayanansa.

Yadda na gyara nawa kuwa, ya ɗauke ni kusan wata biyu, kuma rabin wannan lokaci na ɓata shi ne saboda rashin sanin inda zan fara. Da farko na yi ta zuwa ƙaramin bankin ina magana da baki, yau a ce manaja ba ya nan, gobe a ce wanda ya san fayil ɗin ya bar aiki. Sai da wani tsohon ma'aikacin banki da muke salla a masallaci ɗaya ya ce mini, "Alhaji, maganar baki iska ce a wurin nan, ka rubuta." Na koma gida muka zazzage akwatin takardu ni da uwargida, Allah ya taimake ni muka sami tsohon katin biyan, ya yi laushi, gefensa ya ci ruwa, amma sa hannun ƙarshe da kwanan wata suna nan ana karantawa. Na rubuta wasiƙar koke na haɗa da hoton katin, na yi kwafi biyu, na miƙa ɗaya, na tsaya har sai da aka buga mini hatimi da kwanan wata a kan ɗayar. Na kuma aika da koke ga kamfanonin biyu da suka nuna bashin. Ranar da takarda mai hatimi ta shiga hannuna, salon maganar ya canza. Mutanen ƙaramin bankin suka binciki littattafansu suka ga kashi na ƙarshe bai shiga asusun ba, suka gyara, suka ba ni takardar shaidar cewa ba sa bina komai.

A nan ma akwai inda mutane suke yin sakaci. Kamfanin tattara bayanai ba ya goge abu don kawai ka ce ba haka ba ne. Sai ya koma ga wanda ya aiko da labarin ya tabbatar. Saboda haka takardar shaidar da ke aljihunka ba ta wadatar ba, sai bankin ya aika da gyaran, kai kuma ka sake neman rahoto bayan wasu makonni ka gani da idonka cewa an canza. Doka ta ba waɗanda aka kai wa koke kwanakin aiki goma su bincika. Idan suka wuce ba a warware ba, mutum yana da damar kai ƙara Babban Banki, wanda yake da sashe na musamman na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma yana da reshe a nan Jos. Idan can ma ba a dace ba, ƙofar kotu a buɗe take. Ni ban kai ga haka ba, amma sanin cewa akwai gaba da su ya ƙarfafa mini gwiwa, kuma na ambaci hakan a cikin wasiƙata cikin ladabi.

Wannan duka maganar wanda aka yi wa kuskure ce. Akwai kuma wanda bashin gaskiya ne yake kansa, kuma dole in faɗi gaskiya ko da za ta yi wa wasu 'yan uwa ɗaci, su ne suka fi yawa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, Babban Banki ya fito da rancen tallafa wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL, wanda aka fara da naira biliyan 50. Ni shaida ne cewa a unguwanninmu, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare da Rikkos, mutane da yawa sun karɓi kuɗin nan suna kiransa rabonsu na arzikin ƙasa, wasu ma 'yan kamasho ne suka cike musu fom suka yanki kasonsu, suka ce musu ba za a taɓa tambaya ba. Haka aka yi da rancen manoma na Anchor Borrowers da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015. To, rance ne, an rubuta shi da lambar BVN ɗin wanda ya karɓa, kuma ba ya ruɓewa. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar cire abin da yake bin mutum daga duk wani asusu da yake da shi a wani banki, bisa izinin da shi mai karɓar rancen ya sa wa hannu tun farko. Shi ya sa za ka ji mutum yana kuka an kwashe masa kuɗi a bankin da bai taɓa cin bashinsa ba. Abin da ya kamata ya sani shi ne, a ƙarƙashin wannan tsari uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda a cire, ban da tarar jinkiri, don haka yana da kyau ya nemi a ba shi lissafi a rubuce.

Ga irin wannan mutum, gyara ɗaya ne: ya je da ƙafarsa. Ɓuya da canza layin waya ba sa rage ko kwabo, sai ma ƙara kwanakin jinkiri da ake ƙirgawa. Ya nemi a faɗa masa ainihin abin da ya rage, ya faɗi abin da zai iya biya a wata, ya roƙi a sake tsara masa biyan, kuma duk abin da aka amince a kai a rubuta a sa hannu. Ya biya ta asusun bankin kai tsaye, ya adana rasit, kada ya damƙa kuɗi a hannun kowa a bakin rumfa kamar yadda na yi. Ya kuma sani cewa biyan ba zai share tarihin nan take ba, domin doka ta ce a riƙe bayanan aƙalla shekara shida. Abin da zai canza shi ne za a rubuta cewa ya biya, kuma a idon mai ba da rance akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya yi jinkiri ya biya da wanda ya gudu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne mutum ya shiga matsi. Addininmu ma da ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci, shi ne kuma ya tsananta a kan mai hali da yake jan ƙafa, kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu ne ya kamata mu fi kowa riƙon takardar bashi da muhimmanci.

Sai maganar tsaya wa wani, wadda a ganina ita ce ta fi cin mutanen kirki. A al'adarmu, idan ɗan uwa ko maƙwabci ya kawo maka fom ya ce sa hannu kawai za ka yi, kunya ba ta barinka ka ƙi. Amma sa hannun nan alkawari ne cewa idan ya gaza kai za ka biya, kuma bashin yana iya fitowa a cikin rahotonka. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya tsaya wa yaron shagonsa, yaron ya bar gari, shi kuma bai sani ba sai da ya je neman jarin kaka. Ban ce a daina taimakon juna ba, domin da haka kasuwa take tafiya. Na ce dai wanda zai tsaya wa wani ya san adadin kuɗin, ya karɓi kwafin takardar, ya riƙa tambaya ko ana biya, kuma ya tsaya a kan abin da zai iya ɗauka idan ta ɓaci.

Ina so in ja kunnen jama'a da babbar murya game da masu cewa za su wanke wa mutum BVN. Suna nan a Facebook da WhatsApp, wasu ma a shagunan intanet na cikin gari, suna cewa a ba su dubu kaza su cire sunanka daga baƙin littafi cikin kwana biyu. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu wani mutum a waje da yake da ikon goge bashin da yake na gaskiya, wanda kuma yake na kuskure, kai da kanka za ka rubuta koke a gyara. Wanda ya miƙa musu lambar BVN da ranar haihuwa da lambobin sirrin da banki yake turowa a waya, ya ba su makamin da za su ci sabon bashi da sunansa. Har ila yau, maganar da ake yawan yi cewa "an toshe mini BVN saboda bashi" tana bukatar gyara. Jerin sunayen da Babban Banki yake sa wa ido ta hanyar BVN na waɗanda aka tabbatar sun yi zamba ne. Mai bashi, tarihinsa ne ya ɓaci, kuma tarihi yana gyaruwa da biya.

Matasanmu kuma manhajojin ba da rance na waya ne suke jefa su cikin rami. Yaro zai karɓi dubu biyar don ya sayi data ko ya kai budurwa shan ayis kirim, ya goge manhajar yana ganin ya tsira, alhali masu rajista daga cikinsu suna aika labarinsa ga kamfanonin nan. Gaskiya ne wasu daga cikin masu manhajojin sun yi ta cin zarafin mutane, suna aika saƙonnin ɓatanci ga duk wanda yake cikin wayar mai bashi, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fito da ƙa'idojin yi musu rajista a 2022, kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane a 2023, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Wanda aka ci wa mutunci yana da inda zai kai ƙara. Sai dai cin mutuncin da aka yi masa bai sauke masa bashin ba, ƙara daban, biya daban. Ina faɗa wa 'ya'yana cewa wannan ƙaramin bashi yana iya tare musu babbar hanya, domin gwamnati ta kafa hukumar CREDICORP a 2024 don mutane su riƙa sayen kaya a kan bashi ta hannun bankuna, ga kuma rancen ɗalibai na NELFUND da ake fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Duk inda aka dosa, rayuwar yaran nan za ta ratsa ta cikin wannan kundi fiye da tamu.

Akwai wani abu da yake damuna wanda ba laifin mai cin bashi ba ne. A Farin Gada da Katako da sauran kasuwanninmu, kullum ana ba da kaya na miliyoyin naira a kan amana, ana biya ba tare da ko takarda ba. Mata suna zuba adashi shekara da shekaru ba su taɓa saɓa zubi ba. Duk wannan gaskiya ba ta shiga kowane kundi, saboda haka ɗan kasuwar da duk Jos ta san amanarsa yana iya zuwa banki a ce ba shi da tarihi, alhali kuskure ɗaya na dubu bakwai yana nan a rubuce shekara biyar. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su zauna da kamfanonin nan a nemi hanyar da ƙungiyoyi masu rajista za su riƙa shigar da kyakkyawan tarihin mambobinsu. Kafin a kai ga haka, abin da ɗan kasuwa zai iya yi wa kansa shi ne ya riƙa bi da cinikinsa ta asusun banki, idan kuma ya karɓi ƙaramin rance ya biya a kan lokaci, domin da irin wannan ake gina sunan da kwamfuta take iya karantawa.

Roƙona ga Babban Banki shi ne ya tilasta wa duk mai ba da rance ya miƙa takardar shaidar kammala biya da kansa ba sai an nema ba, ya kuma sanar da mutum ta saƙon waya kafin ya aika da mummunan labari a kansa, tare da hukunta wanda ya bar kuskure ya kwana a kan sunan bawan Allah. Su kuma kamfanonin uku, ya kamata su fitar da bayanin rahotonsu da Hausa da sauran harsunan ƙasa, su yi amfani da gidajen rediyo, domin takardar da aka aiko mini cike take da kalmomin da ko ɗan jami'a sai ya yi tambaya. Ku ma 'yan jarida, Malam Edita, ina roƙon ku ware shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa amsa tambayoyin jama'a a kan wannan, ku gayyato waɗanda suka san dokar su yi bayani.

A namu ɓangaren, ƙungiyarmu ta tsayar da cewa kowace shekara bayan an gama kakar dankali za mu ware yini guda, mu kawo yaro mai kwamfuta da muka yarda da shi, kowa ya nemi rahotonsa a gaban idonsa. A zaman farko da muka yi, mun sami mutum biyu da irin matsalata, da kuma dattijon nan da ya tsaya wa yaron shagonsa, wanda yanzu ya kai rabin biya. Ni kuma na koma bankin da sabon rahoto da takardar shaidata, kuma motar tana hanyar Bokkos a daidai lokacin da nake rubuta wannan wasiƙa.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar dankali,
Jos, Jihar Filato.